Sharhi kan shagon walda mai ƙera allunan tunawa da ma'aikata a Gombe

A ɓangaren unguwar BCGA da ke cikin garin Gombe akwai wani shagon walda wanda, in aka dube shi daga bakin titi, ba ya nuna wani bambanci da sauran shagunan da ke jere da shi, domin ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe ne jingine a gabansa kamar na kowa. Sai an bi ta ƙofar baya zuwa wani fili da aka rufe da kwano ake tarar da aikin da ya sa na ga ya cancanci a yi sharhi a kansa. Mai shagon, wanda ya fito daga gidan maƙera kuma ya koyi walda tun yana saurayi, yana sayen tsofaffin sassan injunan masana'antu, ya kankare musu tsatsa da baƙin mai, ya jera su a kan farantin ƙarfe mai kauri, ya haɗa su da walda har su zama allo na tunawa da wata sana'a da mutanen da suka yi ta. Masu sayen waɗannan alluna galibi 'ya'yan tsofaffin ma'aikata ne da ƙungiyoyin 'yan fansho, sai kuma wasu makarantu da ke son abin da za su kafa a harabarsu. Ra'ayina shi ne aikin yana da kyau matuƙa a duk inda mai shi ya san sana'ar da yake girmamawa ciki da waje, yana kuma raunana a duk inda sanin ya gaza ya koma cike gurbin da ado. Ta fuskar ciniki da kula da masu saye kuwa, akwai wuraren da suke buƙatar gyara, kuma zan zo kansu.

Allon da ya fi kowane jan hankali shi ne na auduga, wanda ba na sayarwa ba ne, an kafa shi ne a bangon da ke fuskantar mai shigowa domin ya zama shaidar abin da shagon ke iyawa. Ba abin mamaki ba ne a fara da auduga a wannan unguwa, tun da sunanta ya samo asali ne daga kamfanin auduga na Ingila mai suna British Cotton Growing Association, wato BCGA a taƙaice, da aka kafa a Manchester a 1902, wanda ya gina gidan gurza a Gombe a tsakiyar shekarun 1950, lokacin da noman auduga da garmar shanu ya bunƙasa a baƙar ƙasar da ke kudancin masarautar, wajen Kumo da kewayenta, har manoma daga wasu sassan Arewa suka riƙa ƙaura suna zuwa neman gona. Jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, ya riƙa kwasar diloli zuwa tashoshin ruwa da masaƙu, ciki har da masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957. Duk wannan tarihi yana jikin allon, amma ba a rubuce da dogon bayani ba, a jere yake cikin kayan aikin kansu.

A tsakiyar allon akwai fayafayan zarto na injin gurza, waɗanda haƙoransu suka cinye saboda daɗewa a aiki. Wanda bai taɓa shiga gidan gurza ba zai ɗauka an jera su ne don kyan gani, alhali kuwa an ɗora su ne a kan sanda ɗaya da tazarar da suke da ita a cikin inji, kowane faifai yana leƙowa ta tsakanin sandunan ƙarfe masu ƙunci irin na haƙarƙari. Haka injin yake aiki: fayafayan suna juyawa, haƙoransu su fizgi farar audugar su wuce da ita ta ƙuncin, angurya kuwa ta kasa wucewa ta zube ƙasa a kwashe ta zuwa wajen matsar mai ko abincin dabbobi ko irin baɗi. Daga hagu an sa duwatsun sikeli na fuloti, inda malamin awo yake duba auduga ya ba ta lamba kafin a biya manomi. Daga dama an sa ƙugiyar 'yan dako da guntayen ɗamarar ƙarfe da ake ɗaure dila da ita bayan an matse ta. A can ƙasa, inda ido ba ya saurin kaiwa, an maƙala magurji na dutse tare da sandarsa ta ƙarfe, irin wanda mata suke gurza auduga da shi a cikin gida tun kafin zuwan inji. Mutum yana iya bin allon daga hagu zuwa dama ya ga tafiyar auduga daga fuloti zuwa tarago ba tare da kowa ya yi masa jagora ba, kuma na ga wani dattijo da ya zo karɓar taga ya tsaya yana nuna wa jikansa inda shi yake tsayawa a zamanin da yake lebura a gidan gurza. A wurina wannan ya isa shaida cewa allon ya yi daidai, domin mai sana'ar ya gane gurbinsa a ciki.

Akwai wata matsala da duk mai son girmama ma'aikata ta hanyar zane ko sassaƙa zai ci karo da ita a garuruwanmu, wato yadda jama'a da yawa ba sa karɓar mutum-mutumi saboda dalilin addini. A wasu wurare hanyar a buɗe take. A Inugu, misali, an yi abin tunawa da masu haƙar kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba, 1949. A Gombe kuwa, iyalin da suka yi marmarin tunawa da mahaifinsu ba za su kafa gunkinsa a zaure ba, kuma ba za su so wani ya kafa ba. Mai wannan shago ya warware matsalar ba tare da ya yi jayayya da kowa ba: ba ya ƙera fuska, ba ya ƙera jiki, yana barin kayan aikin ne su tsaya a madadin mai su. Sifana wadda riƙo ya goge mata baki, hular kwano mai tabon faɗuwar dutse, takalmin aiki da aka tsoma a ruwan siminti ya daskare, usur ɗin heluma, katin shaida da aka rufe da gilashi. A ƙarƙashin kowane abu ana rubuta sunan aikin, kamar ɗan dako ko mai kula da inji ko akawun awo, in kuma iyali suka nema a ƙara sunan mutumin da shekarun da ya yi yana aiki. Ina ganin wannan dabara ta fi mutum-mutumi dacewa da mu, ba don kawai ta kauce wa saɓani ba, har don ta fi faɗin gaskiya game da aikin masana'anta, inda abin da ya bambanta wani ma'aikaci da wani shi ne abin da hannunsa yake riƙe da shi da wurin da yake tsayawa. Mun saba ganin sunayen sarakuna da gwamnoni a tituna da gine-gine, kuma sun cancanci hakan, amma sunan leburan da ya ɗauki dila a ƙeyarsa ba ya cika fitowa a jikin komai, shi ya sa ganin sa a rubuce da ƙarfe yake da tasiri.

Ni kaina na ba da aiki a shagon, allo na kawuna da ya yi ritaya daga kamfanin siminti na Ashaka, inda ya yi aikinsa a sashen niƙa. An yi wa kamfanin rajista a 1974, ya fara fitar da siminti a 1979 tare da haɗin gwiwar kamfanin Blue Circle na Ingila, kuma tun daga lokacin ya zama babbar masana'antar yankin, a kusa da Bajoga cikin ƙaramar hukumar Funakaye. Yadda ake yin siminti ba ɓoyayyen abu ba ne: ana fasa dutsen farar ƙasa, a haɗa shi da laka a niƙe, a ƙona garin a cikin dogon tanderu mai juyawa da zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, ya fito a matsayin ƙananan duwatsu da ma'aikata ke kira kilinka, sannan a niƙe kilinkar da ɗan jifsam, wani farin ma'adini, ta zama simintin da ake durawa a buhu mai kilo 50. Wannan niƙa na ƙarshe ana yin sa ne a cikin wata ƙatuwar ganga mai juyawa wadda aka zuba wa ƙwallayen ƙarfe, su ne suke faɗowa kan kilinka suna ragargaza ta. Ƙwallayen suna cinyewa a hankali, a tace su a fitar da waɗanda suka ƙanƙance, kuma irin waɗannan ne mai shagon ya samo a wurin dillalan tsohon ƙarfe.

Abin da ya fi burge ni a hidimar shagon shi ne matakin farko. Mai shagon ya ƙi fara komai sai an kawo masa kawun nawa, ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya zauna a ƙasa kusa da shi yana yi masa tambayoyi game da aikin: ina yake tsayawa, me yake dubawa, wane abu ne in ya lalace ake tada kowa daga barci. A nan na fara jin abin da ban taɓa ji daga bakin kawuna ba, cewa gogaggen mai niƙa da kunne yake sanin halin injinsa, domin in ganga ta yi ƙarancin kaya ƙwallayen suna dukan jikinta da ƙara mai kaifi, in kuma ta cika fiye da kima sai ƙarar ta dushe. Bayan hirar sai mai shagon ya zana tsarin allon da alli a kan daɓe, ya warwatsa ƙwallayen manya da ƙanana a gauraye cikin wani da'ira, ya ce, "Baba, a duba a gyara mini inda na kauce." Kawu ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ba a gauraye suke ba. Manya suna ɗakin gaba inda kilinka ke shigowa da ƙarfinta, ƙanana suna ɗakin baya inda ake laushi, kuma akwai shamaki mai huji a tsakaninsu." Nan take ya goge zanen ya sake, ya nemo farantin ƙarfe ya huhhuda shi ya raba allon biyu, manyan ƙwallaye masu faɗin kusan milimita 90 a gefe guda, ƙananan da ba su kai 20 ba a ɗaya gefen. Allon da ya fito bai kai zanen farko ƙyalli ba, amma duk abokin aikin kawuna da ya zo gaisuwa ya gan shi a zaure, kafin a ce masa komai yake cewa wannan ai injin niƙa ne.

Wannan hali na zama a saurari mai sana'a kafin a ɗauki alli shi ne jarin shagon, kuma ba sabon abu ba ne a wurin waɗanda suka yi fice a irin wannan fasaha. Diego Rivera, mai zane ɗan ƙasar Meziko, ya yi watanni yana zagaya masana'antar motocin Ford da ke River Rouge yana kallo yana zayyanawa, kafin ya zana manyan hotunan bango 27 a gidan adana zane-zane na birnin Detroit a Amurka tsakanin 1932 da 1933, har mai kallo yana iya bin matakan ƙera mota a jikin bangon. Ba ina daidaita shagon walda na unguwa da wancan gagarumin aiki ba ne, amma tushen ingancin iri ɗaya ne.

Inda wannan tushe ya ɓace, aikin ma yakan ɓace, kuma misalin da na gani shi ne allon da wani mutum daga Bauchi ya ba da a yi domin tunawa da kamfanin Steyr, wanda aka kafa a can a ƙarshen shekarun 1970 tare da kamfanin ƙasar Ostiriya domin harhaɗa taraktoci da manyan motoci, a zamanin da gwamnatin tarayya ta rarraba irin waɗannan masana'antu a ƙasa, Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu. Mai ba da aikin bai kawo tsohon ma'aikaci ko ɗaya ba, mai shagon kuma bai taɓa shiga wurin ba, sai ya tattara abin da ya samu: fistin na babur, kacar keke, boris, sifirin, haƙoran giya na motoci daban-daban, ya jera su kamar fure, ya shafe su da fenti ja da kore da ruwan ɗorawa, ya ƙawata gefen da irin zanen da ake yi a bayan manyan motoci. Zanen bayan mota fasaha ce mai daraja a wurinta, ni ma ina son ta, amma a nan ta rufe rashin sani ne. Abin da ya bambanta masana'antar harhaɗa mota da garejin bakanike shi ne layi, inda gangar jiki ke tafiya daga hannu zuwa hannu kowa yana ɗaura abu ɗaya, kuma babu alamar wannan a allon. Da za a cire sunan da aka rubuta a sama, ba wanda zai ce ga abin da ake tunawa. Na faɗa wa mai shagon haka, ya amsa cewa gaskiya ne, ya ce mai aikin ne ya matsa a gama da wuri. Ina ganin da ya ƙi karɓar aikin har sai an kawo masa wanda ya san wurin, kamar yadda ya yi mini, da ya fi kare sunansa.

A kan allunan reluwe kuwa yana da ƙa'idar da ta ƙara masa daraja a idona. Layin da ya tashi daga Kuru kusa da Jos ya bi ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri an gina shi ne tsakanin 1958 da 1964, da taimakon bashin dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya ba Nijeriya a 1958, kuma iyalan da suka ci abinci a jikinsa suna da yawa a Gombe. Duk da haka mai shagon ba ya karɓar guntun dogo, ko ƙusar da ake danne shi da ita, ko wani ƙarfe na layi, daga hannun 'yan gwangwan ko 'yan jari-bola, ko da mai ba da aikin ne ya kawo, sai in akwai takardar gwanjo. Dalilinsa shi ne layin dukiyar gwamnati ce, kuma satar ƙarafansa ta zama annoba, ba zai yiwu a girmama wanda ya shimfiɗa dogo da ƙarfen da aka ɓanɓaro daga aikinsa ba. A maimakon haka yakan lanƙwasa sabon rodi ya fitar da siffar layin, sannan ya ɗora abin da iyali suka kawo daga cikin kayan mahaifinsu, kamar fitilar hannu mai gilashi ja da kore, ko tuta, ko maɓallan rigar aiki. Allunan reluwe ba su kai na auduga da siminti nauyi a ido ba saboda wannan, amma na fi son su a haka.

Game da kuɗi, farashin yana bin nauyin ƙarfe da yawan sandar walda da man janareta da kwanakin aiki, kuma mai shagon yana lissafa waɗannan a gaban mutum ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage ja-in-ja. Allo matsakaici irin wanda na yi ya kusa kuɗin ƙofar gida ta ƙarfe mai kyau guda biyu. Ba araha ba ne ga ɗan fansho, shi ya sa galibi 'ya'ya ne suke haɗa kuɗin, amma ban ga alamar ƙwara a ciki ba idan aka dubi aikin kankare tsatsa kaɗai. Ana ba da rabi kafin alƙalami, sauran in an gama. Sai dai babu rasit, babu littafin da ake rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai, komai a ka yake, kuma wannan ba daidai ba ne ga aikin da ya ƙunshi sunaye da shekaru da kayan gado na mutane. Katin shaidar kawuna ya yi kwanaki a cikin wani gwangwani tare da notuna kafin a rufe shi da gilashi, kuma duk da cewa bai lalace ba, bai kamata a ajiye amana haka ba. Lokacin da aka ɗiba na gama aiki ma an wuce shi sosai. Wani ɓangare na jinkirin daga matsalar wutar lantarki ne, wadda kowane mai walda a garin yake kuka da ita, amma wani ɓangaren saboda ƙofofi da tagogi ne suke ciyar da shagon, don haka duk sa'ad da ɗan kwangila ya zo da aikin gaggawa sai a ture alluna gefe. Da an faɗa wa mai saye haka tun farko, da ya shirya wa jira.

Rubutu shi ne babban rauni na biyu bayan ado. Ana yanka haruffan ne daga farantin ƙarfe ko a zana su da walda, kuma hannun mai yin su yana da tsabta, amma ba ya sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ sai an tuna masa, kuma yana rubuta suna yadda ya ji shi a kunne. A gari irin Gombe, inda ma'aikatan masana'antu suka haɗa Fulani da Hausawa da Tangale da Tera da Waja da Bolawa da mutanen kudancin ƙasa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. An yi kuskuren harafi ɗaya a sunan kakanmu a jikin allona, mai shagon ya gyara ba tare da ya nemi ƙarin kuɗi ba, amma tabon gogewar yana nan, domin ƙarfe ba takarda ba ne. Shawarata ita ce mai ba da aiki ya rubuta komai da manyan baƙaƙe a takarda, ya kuma zo ya duba zanen alli kafin a kunna inji. Wanda yake son rubutun ajami ma ana yi masa, kuma na ga guda ɗaya da ya fi na boko kyau nesa ba kusa ba.

Akwai kuma giɓin da nake ganin ya fi kuskuren harafi girma. A allon auduga an sa magurji, amma a cikin sunayen ayyukan da aka rubuta babu na mace ko ɗaya. Mata da 'yan mata suna cikin waɗanda suka tsinki audugar nan a gona, su ne suka gurza ta a gida, suka kaɗa zare da mazari tun kafin a san masaƙar zamani, su ne kuma suka riƙa dafa abincin da leburori ke saye a ƙofar masana'anta in jiniya ta yi kuka. Mai shagon ya ce babu wanda ya taɓa zuwa ya ba shi aikin allon mahaifiyarsa, kuma na yarda da shi, amma allon da ke bangonsa nasa ne, ba jiran mai saye yake yi ba, ƙara layi biyu a ƙarƙashin magurjin ba zai ci masa rabin yini ba.

Abu na ƙarshe da ya dame ni ya shafi yaran shagon. Su ne suke kankare tsohon fenti da tsatsa da injin goge ƙarfe, su ne suke riƙe sassa ana walda, kuma na ga wasunsu da baƙin tabarau na kasuwa a maimakon garkuwar fuska ta masu walda, babu safar hannu, babu abin rufe hanci, ga silifa a ƙafa a wurin da ƙwallon ƙarfe ɗaya zai iya farfasa yatsu. Hasken walda yana ƙona ido, ƙurar tsohon fenti kuma tana illa ga ƙirji. Haka abin yake a yawancin shagunan walda, amma shagon da ya ɗauki girmama ma'aikata a matsayin sana'arsa ya fi kowa cancantar ya fara da nasa. Ta wani ɓangaren dole in yaba masa, domin yana barin yaron da ya yi aiki a kan allo ya buga alamarsa a bayansa kusa da ta maigidan, kuma yaran suna alfahari da hakan.

Game da ƙarko, ana ba mai saye zaɓi biyu, ko a yi wa allon fenti, ko a bar ƙarfen da launinsa a shafe shi da banish. Na biyun ya fi kyau ƙwarai, domin gogewar da aiki ya yi wa kowane sashe tana fitowa, amma na cikin ɗaki ne ko zaure. Allon da zai tsaya a waje, kamar na harabar makaranta, yana buƙatar jan fenti mai hana tsatsa a gaba da baya kafin na ado, in ba haka ba damina ɗaya za ta zubo da jan ruwa a jikin bango. Waldar kanta ba ni da abin cewa a kanta, na jijjiga sassa da dama da hannu ban ji wanda ya motsa ba, kuma an goge bakin farantin yadda ba zai yanki yaro ba.

Wanda ya yi niyyar ba da aiki ya tafi da tsohon ma'aikacin in yana raye, in kuwa ya rasu ya nemi wani abokin aikinsa na sashe ɗaya, domin ingancin allon ya rataya ne a kan wannan hira. Ya tafi da abu ɗaya ko biyu na ainihi daga kayan aikinsa, ya ɗauki hotonsu a waya kafin ya miƙa, ya kuma rubuta farashi da ranar karɓa a takarda su biyun su sa hannu. Lokacin da aiki ya fi yi wa shagon yawa shi ne gabanin 1 ga Mayu, Ranar Ma'aikata, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta fara mayarwa ranar hutu a Jihar Kano a 1980 kafin ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1981, domin a ranar ne ƙungiyoyin 'yan fansho suke son buɗe allunansu, saboda haka mai son nasa a wannan lokaci ya ba da shi tun cikin hunturu. Shagon ba ya kai kaya gida, sai mutum ya ɗauki hayar a-kori-kura da majiya ƙarfi aƙalla huɗu. Kada kuma a rataya allon a bangon ƙasa ko na bulo mai rami, a nemi a yi masa ƙafafu biyu da za su sauka har daɓe, kuma a faɗi haka tun ranar ciniki domin kuɗin ƙafafun daban ne.